Irin Gwaggo Ba Soyayye Ba Ne

Gwaggo ta rasu ranar Talata da hantsi, a farkon sanyi, a ɗakinta na Giwa Tazo, kanta a kan cinyata. Wanda Ya ba mu ita Shi Ya karɓi abinSa, mu ma muna nan tafe. Kafin azahar an kai ta, kafin la'asar tsakar gida ta cika da mata har babu wurin shimfiɗa tabarma. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama, ita ta aurar da ni zuwa Birnin Malam. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba, don haka ni na zauna a bakin ƙofarta ina amsa gaisuwa.

Na ga masu kuka iri-iri a kwanakin nan. Wata Bafillatana ta taso tun daga rugarsu da ƙwaryar nono a ka, ta ajiye, ta zauna tana hawaye. Sai da za ta tafi ta gaya mini Gwaggo ce ta raba ɗanta da tarin da ya kusa kai shi. Tsohuwar maƙwabciyarmu kuwa kuka take tana dariya, wai yanzu wa zai riƙa leƙowa ta katanga yana yi mata faɗa kan shara. Akwai kuma wasu 'yan mata biyu da suka rako uwarsu, suka zauna a bayana suna raɗa, sun ɗauka kunnena ya tafi da mamaciya. Ɗaya ta tambayi ɗaya ko wannan ce tsohuwar nan mai soya iri. Na ji su sarai, na haɗiye.

Ranar uku Baffa ya iso daga Aliero. Shi ne autan su Gwaggo, ƙanin mahaifina, kuma shi kaɗai ya rage a ɗakinsu. Ya zo a kan goɗiya, riga kan riga, yana baza turare. Bayan an yi addu'a a ƙofar gida, liman ya roƙi jama'a duk wanda mamaciya ta saɓa wa ya yafe mata, kamar yadda aka saba. Kowa ya amsa a hankali. Baffa kuwa sai da ya gyara murya, don na cikin gida ma su ji.

Ya ce, "Ni dai na yahe mata. Abin da tay yi mani duka, na yahe, duniya da lahira."

Maza suka yi ta madalla, ana yaba masa haƙuri. Ni ina bayan zana da ludayi a hannu ina rabon kunu, kunun ya zubo mini a ƙafa ban ji zafinsa ba. Shi ne zai yafe mata. Shekara goma sha ɗaya matar nan tana ɗauke da sunan da ya laƙaba mata, ta shiga kabari da shi, ga shi kuma ya zo ya taka kabarin da rigunansa uku. Abin da ya sa na ɗauko tawada da alƙalami ke nan, da ɗan karatun da ita ta dasa mini, don 'ya'yana da na wasu su san wace ce Gwaggo, su kuma san wane ne Baffa.

Tun kafin Nasara su iso ƙasarmu ta tafi Makka a ƙasa, ita da mijinta. Shekaru suka yi a hanya, in guzuri ya ƙare su tsaya su yi noma a garin wasu, su ƙara gaba. A Madina tari ya kwantar da mijin. Wata Balarabiya 'yar ƙasar Sham, wadda suke gida ɗaya, ta riƙa dafa masa wani ɗan ganye mai ƙamshi. Bai tashi ba, amma Gwaggo ta ce in ya sha ne kawai ƙirjinsa ke buɗewa, ya sami numfashin yi mata magana. Can aka binne shi. Da za ta taso, matar ta ƙulle mata irin ganyen a wani shuɗin tsumma, ta koya mata yadda ake shuka shi. Larabawa na ce masa za'atar, amma harshen mutanen Giwa Tazo ya ƙi ɗauka, suka sa masa ganyen Hajiya. Sai daga baya muka ji kukun Bature yana kiransa tayim. Gwaggo ba ta sake aure ba, abin da ta dawo da shi daga wajen mijinta ke nan.

Irin ƙanana ne har abin haushi, ƙwan kwarkwata ya fi shi girma. In ka yi atishawa kusa da shi, ka gama noman shekara. In sanyi ya shigo takan tara tsofaffin kasake da fasassun tukwane, ta huda musu gindi, ta zuba tsakuwa, ta cika da yashin gulbi da 'yar ƙasa kaɗan. Sai ta gauraya irin da yashi mai laushi, ta barbaɗa a sama, ta danna da tafin hannu, shi ke nan. Ba ta rufe shi da ƙasa, don ta ce sai ya ga haske yake farkawa. Ruwa kuwa da baki take fesa masa, guntsi ɗaya da safe, har ya fito, kuma yakan yi mako uku yana jan rai kafin ya nuna kai. In ya kama, sai ƙasa ta bushe ƙarau take ba shi kaɗan. Da bazara ta ja kasaken inuwa kafin rana ta take, da damina ta shigar da su ƙarƙashin rumfa, tana tsine wa hadari kamar don ita aka haɗo shi.

Takan ce, "Ɗan dutse na, ba shi son gata." Haka take faɗi a kan ganyen, haka kuma take faɗi a kaina in mata sun ce ta cika tsananta mini.

Ba mace mai sauƙi ba ce, ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba. Ta taɓa yin kwana huɗu ba ta amsa gaisuwar maƙwabciyarmu saboda ta watsa ruwan wanke-wanke kusa da kasaken. Amma ba ta taɓa sayar da ko tsinke ɗaya na ganyen nan ba. Mai tari ya zo ta tsinko masa, mai mura ta dafa masa da zuma in akwai. Duk matar da ta haihu a unguwa, Gwaggo za ta shiga da ɗan ƙulli a haɓar zane, ta buɗe tukunyar naman jego ta murza a ciki, ba ta tambayi kowa ba. Daga ƙofar gida kana jin ƙamshin ka san ta riga ka zuwa barka.

Baffa kuwa manomin albasa ne, kuma ba zan rage masa ba, ya iya. A Aliero, inda kowa da albasa ya buɗe ido, in ana maganar renon iri da dashe shi ake nunawa. Gwaggo ce ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta tauna ta ba shi. Da Nasara suka kafa bariki a Jega sai ya sami hanyar kai wa kukun Bature albasa. Wata rana ya je da ɗan busasshen ganye a aljihu, wanda Gwaggo ta ba shi saboda tarin da ke damunsa. Kuku ya shinshina, ya karɓa, ya sa a naman maigidansa. Bature ya ci, ya ce ganyen ƙasarsu ne, tun da ya zo bai ji ƙamshinsa ba, a nemo masa. Baffa bai ce na yayarsa ne ba. Ya bugi ƙirji ya ce shi zai cika fadama da shi, don a lokacin idonsa na kan sarautar noma ta garinsu, kuma ya ga tsani.

Ya aiko cewa Bature na son ganyen, kasake da iri duka, a shirya masa nan da kwana biyu. A shekarun nan, in aka ce Bature ya ce, ko rumbu ne sai a buɗe, ba mai tambayar ko ya ce ɗin. Ina gida a lokacin, ina wankan ɗana na fari, da idona na gani. Ya zo da jakuna huɗu da mutum biyu na mai gari, ganyen kuwa ya yi fure, ƙudan zuma na ta kai da kawowa a kansa. Gwaggo ta roƙe shi ya bar mata kasko biyu. Ya ce an riga an gaya wa Bature yawansu. Ta shiga ɗaki ta ɗauko 'yar gorar da take tara iri, ta miƙa masa da hannunta.

Ta ce, "Auta, tun da ka ɗauka, saurara. Kak ka ruhe shi da ƙasa, kak ka sa mai taki, kak ka cika mai ruwa. Ba albasa ba ta."

Ya yi dariya, ya juya wajen mutanen mai gari don su taya shi. Ya ce, "Yaya, ni za ki koya ma shuka?"

Kasko biyu suka faɗo daga jaki suka fashe tun a ƙofar gida. Sauran suka isa bariki, kuku ya aske su har ƙasa a mako guda, ba wanda ya sake tohowa. Gwaggo ta zauna a inda kasaken suke tun hantsi har la'asar, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ci abinci ba. Abin da kawai ta ce mini shi ne kada in kuskura in share wurin.

Yadda Baffa ya yi da irin, duk Aliero ta gani, don sai da ya gayyaci mutane. Ya zaɓi fangalin da ya fi kowanne kyau a lambunsa, ya zuba masa tsohon takin awaki har ƙasa ta yi baƙi, ya watsa irin, ya rufe da ƙasa kaurin yatsa, ya shimfiɗa ciyawa a kai, ya sa jigo na ɗebo ruwa safe da yamma. Duk gatan da ake yi wa irin albasa ya yi masa, har da ƙari. Kwana goma fangali ya yi kore shar. Baffa ya hau goɗiya har Jega ya ɗauko kuku ya zo ya gani. Kuku ya durƙusa, ya tsinko, ya murza, ya kai hanci, sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Rukuɓu ne, wanda ya biyo takin awaki. Kafin kasuwa ta sake ci, labari ya zaga Jega, mahauta na tambayarsa nawa yake sayar da damin rukuɓun Bature. Bariki ya koma karɓar albasa a wajen wani, sarautar noma ma aka naɗa wani. In na tuna wannan har yau raina fari yake yi.

Da a nan ya tsaya, da ban rubuta takardar nan ba. Amma Baffa ba zai iya yarda cewa akwai shukar da ta fi ƙarfinsa ba, balle a ce tsohuwa ta san abin da bai sani ba. Ya zo wajen mai gari ya kai ƙarar yayarsa, ya ce a kwana biyun da ya ba ta ta soya irin a kasko don ta kunyata shi gaban Nasara. Aka kirawo Gwaggo, matar da ta taka har Makka da ƙafarta, aka sa ta yi alwala, aka tsayar da ita a ƙofar zaure gaban maza da yara, aka ɗora mata Alƙur'ani a hannu. Ta rantse ba ta soya ba. Ta dawo gida tana tafiya a miƙe, ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Abubuwa biyu suka taya Baffa. Na farko, a wurin nan da ta hana sharewa, irin da ya kakkaɓe daga furanni ranar da aka kwashe kasaken ya tsiro a kan ƙasa, ta lallaɓa ta raya guda uku. Mutane suka ce to ga shi, ta ɓoye mai kyau ta ba ƙaninta soyayye. Na biyu, a shekarar nan idonta na hagu ya fara yana, aka ce rantsuwa ce ta kama ta. Yara suka riƙa bin katanga suna kiran mai soya iri. Mata ba su daina zuwa neman ganye ba, ina, tari ai bai san gutsiri-tsoma ba, amma sai su zo a ɓoye su fita a ɓoye. Gwaggo ta daina zuwa barka da suna. Ba ta sake kiran sunan Baffa ba, ko Auta, sai dai ta ce mai albasa. Albasar ma ta haramta wa tukunyarta, a ƙasar da ko ruwa ka sha sai ka ji warinta, kuma haka muka yi ta shan miya salam duk lokacin da na zo.

Daminar bara ciwo ya kwantar da ita, ni kuma ban sami labari da wuri ba. Maƙwabciyarmu, baiwar Allah, ita ta yi ta jinya. Ta ga kasake uku a ƙarƙashin rumfa ƙasarsu ta bushe, tausayi ya kama ta, ta riƙa shayar da su safe da yamma. Kafin in iso saiwarsu ta ruɓe, sun yi baƙi. Na ɗauka Gwaggo za ta tashi gari da faɗa, amma sai ta yi 'yar dariya ta ce mai albasa bai gama da su ba, ga mai alheri ta gama. Abin da ya rage a duniya shi ne ɗan irin shekarar da ta gabata, a cikin shuɗin tsumman nan na Madina, ƙarƙashin matashinta.

Ana saura kwana biyar ta rasu na ce mata zan tafi da tsumman Birnin Malam in ɓoye, don na san Baffa ne magajinta, ni ba ni da ko allura. Ta riƙe mini hannu da ƙarfin da ban san tana da sauransa ba.

Ta ce, "Kak ki ɓoye, hakkinai na. Ki ba shi gaban mutane, kuma ki hwaɗa mai gaskiya yadda aka shuka shi. Ban yi mai ƙarya ba ina da rai, ba a yi mai da sunana na mutu."

Na tambaye ta ko ta yafe masa. Ta juya fuska bango, ta ce in je in duba ko an ba kaji dusa.

Ranar bakwai aka zauna rabon gado a zaure. Kayan ba su da yawa, tasoshi ne da tabarmi da akuya biyu, duk suka tafi wajen Baffa. Da aka gama na aika da tsumman, na kuma matso bayan zana na nemi liman ya ba ni izinin magana. Mijina yana cikin mazan, ya yi ta gyaran murya don in yi shiru, na yi kamar ban san muryarsa ba. Na ce ga irin da Gwaggo ta ajiye wa kanta, wanda aka ce shi ne mai kyau. Ina roƙon ya tsunkulo kaɗan da yatsunsa, in shuka a kasko a ƙofar liman inda kowa ke wucewa, sauran ya tafi da shi Aliero, dattawa biyu su bi shi su ga shukarsa. Ranar arba'in a duba. In nasa ya fito, to ashe na farko ne aka soya, ni zan je har Aliero in durƙusa gabansa in ce Gwaggo ta rantse a kan ƙarya. In duka biyu suka ƙi, nan ma na faɗi. Amma in nawa ya fito nasa ya ƙi, daga tsumma ɗaya, to jama'a su faɗi inda laifin yake.

Baffa ya ce ya yarda, har yana murmushi. Saura abu ɗaya, wanda ya fi mini komai nauyi, wato wasiyyar Gwaggo. Na san in na gaya masa gaskiya ya bi, irinsa zai fito, kuma ni da bakina na binne sunanta har abada. Liman ya tambaya ko na gama. Sannan na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na faɗa masa duka, ban rage ko ɗaya ba: yashi da tsakuwa, kada a rufe, kada a sa taki, ruwa guntsi ɗaya da safe, haƙurin mako uku.

Ya saurare ni har ƙarshe, ya kaɗa kai ya ce, "Ɗiyar ga ta sha nonon makirci. Dut abin da sunka ce kak ka yi, shi na abin yi."

Wallahi ban taɓa jin zagi mai daɗi irin wannan ba.

Na zauna a Giwa Tazo har arba'in. Kullum da safe in je ƙofar liman da guntsin ruwana, matarsa tana tsaye tana shaida ban ƙara komai ba. Babban abokin gabana a kwanakin nan shi ne liman kansa, don sau biyu ina kama shi zai juye sauran ruwan alwala a kaskon, wai don albarka. Na roƙe shi da girman Allah ya kai albarkarsa gindin dabino. Dattawan da suka bi Baffa suka dawo suka ce ya zuba taki, ya rufe da ƙasa, jigo na aiki safe da yamma. Wannan ya kwantar mini da rabin hankali, amma nawa kaskon shiru. Kwana goma, yashi. Kwana goma sha biyar, yashi. Irin ya kwana biyu a tsumma, na sani, kuma na fara tunanin ko ya mutu tun kafin mai shi. Abinci ya fita raina. Masu wucewa masallaci su leƙa kaskon su dube ni su kau da kai. Na fara auna nisan Aliero a zuciyata, da yadda zan buɗe baki in faɗi abin da na yi alkawari.

Ranar goma sha tara da shuka na durƙusa zan fesa ruwa, sai na ga wani abu kamar gashin jariri a gefen kaskon. Na haɗiye ruwan da ke bakina. Na kira matar liman ta zo ta duba, don ban yarda da idona ba. Guda uku ne ranar, kafin mako sun zama tara. A nan na yi kukan da ban yi ba ranar da ta rasu, a durƙushe, a bakin hanya, ban damu da mai kallo ba.

Ranar arba'in, bayan addu'a, liman ya sa aka ɗauko kaskon aka ajiye a tsakiyar maza. Ya tsinki ɗan ganye ɗaya, ya murza, ya shinshina, ya miƙa yatsunsa ga na kusa da shi. Babu gidan da bai san ƙamshin nan ba a Giwa Tazo, da shi aka yi jegon rabin mutanen da ke zaune. Sannan dattawa biyun suka faɗi abin da suka gano a Aliero shekaranjiya, fangali ya cika maƙil da rukuɓu, ba komai bayansa. Wani ya tuntsire da dariya a baya, aka tsawata masa. Liman ya miƙe ya ce jama'a su shaida, rantsuwar Hajiya gaskiya ce, irinta ba soyayye ba ne, kuma duk wanda ya taɓa kiranta da sunan nan ya nemi gafarar Ubangijinsa. A cikin gida maƙwabciyarmu ta rangaɗa guɗa a gidan makoki, ba wanda ya hana ta.

Da mutane suka fara watsewa Baffa ya matso jikin zana. Ina ganin ƙafafunsa ta ƙasa, sun tsufa, sun yi faso. Da ya yi magana, muryar nan ta ranar uku duk ta tafi.

Ya ce, "Ɗiyata, ki yahe mani."

Na ce, "Ba ni kac cuta ba, Baffa. Wadda kac cuta ta tahi. Kai ko ka riga ka yahe mata gaban mutane, mi yar rage?"

Na ga ƙafafun sun juya. Mijina ya ce na yi tsanani, dattijo ne, ƙanin ubana ne. Na ce haka ne, ita ma dattijuwa ce ranar da ya tsayar da ita a ƙofar zaure, kuma ita ta goye shi. Wataƙila wata rana zuciyata ta yi sanyi, amma ba bana ba, kuma ba zan rubuta abin da ba ya cikinta ba.

Kaskon yana nan a bayan ɗakina a Birnin Malam, guda shida suka rayu, na kewaye su da ƙaya saboda kaji da masu tausayi. Na aika wa Bafillatanar nan cewa in ya yi ƙwari ta zo ta karɓi nata. Na kuma koma sa albasa a miya, don ita albasa ba ta yi mini komai ba. Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya haskaka makwancinta, Ya sada ta da wanda ta baro a Madina, Ya sa ta ji abin da aka faɗa a zaure ranar arba'in. Baffa kuwa, masu zuwa kasuwar Jega sun ce mini har yanzu bai tayar da fangalin ba. Ya cire rukuɓun, ya ƙara taki, ya ce irin nauyin fitowa gare shi. Allah Ya ba shi tsawon rai da ƙarfin jan jigo, ya yi ta ban ruwa.